Ba a yi wa tarihin kare kara

Na ajiye aikin sa kai da ƙungiyar ceton karnukan buli (jinsunan karnuka masu kaurin jiki da faɗin kai) a Ingila, kuma kafin abin ya huce ina so in bar wa abokan aiki da masu shirin karɓar riƙon kare kafin ya samu gida abin da aikin ya koya mini. Wanke keji da awon abinci kowa ya iya, ba zan tsaya a kansu ba.

Kuskuren da har yau yake ci mini rai shi ne gyara tarihin kare don ya samu gida da wuri. Ga yadda yake faruwa. Karen da aka tsinta a titi, ƙaramar hukuma kwana bakwai take ajiye shi, daga nan ko a miƙa shi ga wata ƙungiya ko a yi masa allurar mutuwa. Saboda haka kullum ana cikin gaggawa, kullum babu keji. Kare zai zo da takardar da ta ce ya taɓa kama wani kare a wuya har aka yi ɗinki. Mai riƙo zai rubuta cewa yana sandarewa da zarar ya hango wani kare. Amma kafin sanarwar neman masa gida ta hau Facebook, wanda ke da alhakin raba karnuka ya mayar da zancen "ya fi son zama shi kaɗai a gida". Iyalin da suka ɗauke shi za su ɗauka wannan ɗabi'a ce kawai, kamar a ce yaro ba ya son hayaniya. Bayan mako uku su tafi da shi ziyara gidan da ke da ɗan ƙaramin kare. Ƙaramin ya kwana a wurin likitan dabbobi, wanda ya kai hannu don raba faɗan ya sha ɗinki, shi kuma bulin ya dawo da cizon mutum a fayil ɗinsa. Daga nan babu mai ɗaukarsa. Kalmomin da aka tausasa don a cece shi su ne suka kai shi ga allurar.

Abin da ya fi ɓata rai, idan haka ta faru laifin kan mai riƙo yake sauka, a ce bai lura da kyau ba. Alhali ya lura, ya rubuta, wani ne a sama ya share. Shugaban da yake auna nasara da yawan karnukan da suka fita a wata, ba ya ƙirga waɗanda suka dawo, yana kashe ƙungiyarsa a hankali, kuma masu riƙo nagari ne suke fara tafiya. Shawarata ga duk mai riƙo: ka aika rahotonka a rubuce, ka ajiye kwafi, ka nemi ganin sanarwar kafin a buga ta. In ba ta yi daidai da abin da ka gani ba, ka faɗa tun kare bai bar hannunka ba.

Rahoto mai amfani ba ya cewa "yana da ɗan zafi". Yana faɗin rana, wuri, nisan da ke tsakanin karen da abin da ya tayar masa da hankali, abin da ya yi, da minti nawa ya ɗauka kafin ya sauko. In cizo ne, a auna shi da ma'aunin likitan dabbobi Ian Dunbar mai mataki shida. Mataki na 1, ya kai cafka amma haƙori bai taɓa fata ba. Na 2, ya taɓa bai huda ba. Na 3, huda ɗaya zuwa huɗu waɗanda zurfinsu bai wuce rabin fiƙa ba. Na 4, aƙalla huda ɗaya ta wuce rabin fiƙar, sau da yawa ya riƙe ya girgiza. Na 5 cizo da yawa masu zurfi, na 6 kisa. Tsakanin na 2 da na 4 akwai tazara mai yawa, kuma kalmar "cizo" ita kaɗai tana ɓoye ta. Kare mai mataki na 4 ba na gida mai yara ba ne, komai kyan hotonsa.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, wato yanke wa kare hukunci a makon farko. Karen da ya fito daga keji a tsorace yake. Shirun da yake yi a kwanakin farko gajiya ce da ruɗewa, halinsa na gaskiya sai bayan makonni yake fitowa. Shi ya sa ake ba shi mako biyu na hutu: ɗaki ɗaya, keji a buɗe, fita da igiya ko a tsakar gida ne, babu baƙi, babu zuwa filin da ake sakin karnuka, babu haɗuwa da karen gida. Bayan haka sai a fara tafiya jere, mutum biyu kowa da karensa, tazarar kamar mita goma, suna fuskantar gefe ɗaya. Ana rage tazarar kwana bayan kwana muddin jikinsu a sake yake. In an kai ga shinshina, daƙiƙa uku sai a kira kowa ya koma. Kada a haɗa su fuska da fuska a bakin ƙofa da igiya a ɗaure tam, nan ne faɗa ya fi tashi. Abinci kowa a ɗakinsa, ƙofa a rufe, a ɗauke kwano in an gama. Ƙashi da abin wasa kada a bar su a ƙasa. Kuma ko sun yi wata shida lafiya, in za a fita a raba su. Da yawa daga cikin wannan jinsi suna zaman lafiya da kowa suna ƙanana, sai tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku haƙurinsu da sauran karnuka ya ragu, musamman karya da karya ko namiji da namiji.

Kada a hukunta kare don ya yi gurnani. Gargaɗi ne yake ba ka. Wanda aka daka don gurnani yakan daina gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Kafin gurnanin ma akwai alamu: lasar leɓe, hamma ba ta barci ba, kau da kai, farin ido a waje, jiki ya tsaya cak, baki ya rufe. In faɗa ya riga ya kaure, kada hannu ya je kusa da wuya, kada kuma a ja karen da ya riƙe, domin ja ne yake yaga nama. Maganar da ake yi cewa muƙamuƙinsu yana kullewa ba gaskiya ba ce, ƙarfi ne da naci. A ajiye faffaɗan katako na sa wa a tsakaninsu da igiyar zarge a inda hannu zai kai.

Sai doka, wadda mai riƙo ba shi da uzurin rashin saninta. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta Pit Bull Terrier, Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. Daga 31 ga Disamba 2023 aka ƙara XL Bully, wani babban nau'in buli, a Ingila da Wales: ba sayarwa, ba kyauta, ba kiwon haihuwa, ba sauya masa gida, kuma a waje sai da igiya da takunkumi. Daga 1 ga Fabrairu 2024 mallakarsa ba tare da takardar izini ba ta zama laifi, takardar da aka biya fam 92.40, bisa sharaɗin fiɗiya da na'urar shaida ta ƙarƙashin fata. Dokar siffa take dubawa, ba takardar asali ba. Namiji mai tsayin inci 20 ko fiye a kafaɗa ko karya mai inci 19 ko fiye, in sauran siffofin sun yi daidai, ya shiga, ko da sunan da ke fayil ɗinsa wani ne daban. Staffordshire Bull Terrier ba a haramta shi ba, amma ruwa biyunsa mai tsayi yana iya faɗawa ciki. A auna kare kafin a karɓe shi, yana tsaye a ƙasa mai daidai. Haramcin ya bar ƙungiyoyi da karnuka masu lafiya da hankali waɗanda ba su da halin ba kowa, kuma na ga yadda hakan ya karya mutanen kirki. A sani kuma, sashe na 3 na dokar, wanda ke magana kan karen da aka kasa sarrafawa har ya zama haɗari, ya shafi kowane jinsi, tun 2014 har cikin gida, kuma yana kama wanda karen ke hannunsa a lokacin, wato mai riƙo.

Sauran a taƙaice. Katangar gidan da za a ba kare ta kai ƙafa shida, a je a gani da ido. Ƙaiƙayin fata da ciwon kunne sun yi yawa a jinsin, a faɗa wa mai ɗauka kuɗin magani tun farko. Yarjejeniya ta ce kare ƙungiya zai dawo in zama ya ƙi. Kada yaro da kare su zauna su kaɗai ko na minti ɗaya.

Takunkumi kuwa kowane buli ya kamata ya iya sa shi, ko doka ba ta tilasta masa ba. A sayi mai siffar kwando wanda zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa. Na yadi yana rufe baki, na 'yan mintuna ne a gaban likita, in aka yi tafiya da shi da zafi yana iya kashe kare. Koyarwar mako biyu zuwa uku take ci: kwanakin farko a sa ɗan cuku a ciki ya cusa hanci da kansa, sannan a riƙe maɗaurin a bayan kunne ba a ɗaure ba, sannan a ɗaure daƙiƙa biyar, a kai minti ɗaya, a zaga tsakar gida, sai titi. In ya fara kai ƙafa yana son cirewa, an yi sauri, a koma matakin baya.