Kumfar haidirojin da ta yaudare ni a kemis ɗin Kawu

Shekarata ta farko a kemis ɗin Kawuna da ke Gwammaja babu abin da nake ji da shi kamar wankin ciwo. Allura ba a bari na in yi, magani sai wanda aka ce in miƙo, amma da an shigo da mai rauni sai Kawu yace "kai ɗauko tire", ni kuma in kwaso auduga da almakashi da filasta da kwalbar haidirojin (hydrogen peroxide, ruwan wankin ciwon nan mai kumfa) ina wani ɗaga kafaɗa kamar nine likitan unguwar. Kuma wallahi abin da ke burge ni shine kumfar nan, kana zubawa kaji shuuu, fari fat ya taso, mai ciwon ya runtse ido, 'yan rakiya suce "kaga dattin yana fita". Ni ma haka na ɗauka, duk kumfa ƙwayar cuta ce ke mutuwa.

Toh sai ga wani yaro mai koyon gyaran adaidaita sahu a garejin bayan layinmu, ƙarfe ya yage shi a ƙwauri, ga baƙin mai ga ƙasa duk sun cakuɗe a ciki. Ranar farko na wanke da haidirojin, kuma gaskiya ta yi aiki, kumfar ta ɗago ƙasar da busasshen jinin, Kawu ya tura shi asibiti aka yi masa allurar tetanus. Daga nan kullum da safe zai zo, kullum in kwarara masa haidirojin kai tsaye daga kwalba, ko sirkawa bana yi. Kwana goma ciwon nan na nan yadda yake, bai yi ruwa ba, bai yi wari ba, amma ya ƙi haɗewa, bakinsa ya yi fari kamar hannun wanda ya daɗe yana wanki. Har ogansa ya fara cewa ko jinin yaron ne ba kyau.

Ran Asabar ƙanwar matar Kawu ta leƙo, ita famasis ce a wani asibitin gwamnati, ta tarar ina tsakiyar aikin. Bata ce komai a gaban yaron ba, sai da ya tafi tace "ɗan nan kwana nawa kana zuba masa wannan?" nace goma Anti, ina jiran yabo. Ta ba ni kuɗi tace je wajen mai nama ka sayo min ɗanyar hanta 'yar kaɗan. Na kawo, ta yanka ta ɗora a murfin roba ta ɗiga haidirojin, sai kumfa ta tashi har ta fi ta ƙafar yaron. Tace "toh faɗa min wace ƙwayar cutar ce ta mutu a nan?" Na yi tsuru-tsuru.

Bayanin da ta yi min shi ya zauna min har yau. Haidirojin ruwa ne da aka ƙara wa ƙwayar oksijin ɗaya, shi ya sa ake rubuta H2O2, kuma a jininmu da namanmu akwai wani sinadari katalas da ke farfasa ta nan take ta koma ruwa da iskar oksijin, iskar ce kumfar. Wato ko ciwon tsaf yake sai ya yi kumfa muddin akwai jini ko ɗanyen nama. Tana kashe ƙwayoyin cuta kam, ƙona su take, amma bata san nawa bata san naka ba, sabon jan naman da ke tsirowa don ya rufe ciwo shi ma ƙone shi take, kenan abin da jikin yaron ya gina da daddare ni nake rushewa da safe. Tace ma wasu ƙwayoyin irin su stafilokokus suna da nasu katalas ɗin, da shi ake bambance su da stireptokokus a ɗakin gwaji, a ɗiga musu haidirojin a ga wanda zai yi kumfa.

Sannan ta juya kwalbar ta nuna min abin da ban taɓa karantawa ba duk da kullum tana hannuna, 6% an rubuta, a ƙasa kuma 20 vol. Ma'anarsa cokali ɗaya na iya sakin iskar da ta kai cikin cokali 20, mai 3% kuma 10. Shi ya sa ba a ɗura ta cikin rami mai zurfi ko ƙurjin da bakinsa ya tsuke, iskar bata da hanyar fita, tana iya kutsawa jijiyar jini, kuma wannan ba wasa bane. Ni da nake ganin ta kamar ruwan famfo.

Aka koma wanke wa yaron da nomal salin, ruwan gishirin nan na 0.9% da ake ƙarin ruwa da shi, a shafa aidin ɗin povidone a gefe-gefe, a rufe da gozi mai tsabta, ba kullum ake buɗewa ba. Cikin sati ciwon ya yi ja ya fara tsukewa. Kunya ta hana ni gaya wa ogansa cewa jinin yaron lafiyarsa ƙalau, hannuna ne matsalar.

Ban daina sayar da haidirojin ba kuma ban ce a zubar ba. Wankin farko na ciwon da ya kwashi ƙasa in babu abin da ya fi ta a kusa, ko bandejin da ya manne da busasshen jini, ko jinin da ya ɓata riga, nan tana da rana. Lokacin korona a 2020 da muke haɗa sanitaiza da tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ma akwai ta a ciki, 0.125% kacal, kuma ba don hannu aka sa ta ba, don ta kashe abin da ya ɓuya a cikin sinadaran da jarkar ne, sifirit ɗin ke yin ainihin aikin. Wani abin kuma ajiya, da a kan kanta ta bakin ƙofa muke jera ta inda ranar Kano ke dukanta tun hantsi, alhali haske da zafi su ke kashe ta, shi ya sa ake zuba ta a kwalba mai duhu. Akwai wadda na gwada a kan hanta ko motsi bata yi ba, ta zama ruwa zalla, kuma da mun sayar da ita. Yanzu can ƙasan kanta take.

Wahalar dai mutane ce. Jiya-jiya wata tsohuwa ta kawo jikanta ya faɗi a keke ya ƙuje gwiwa, na wanke da salin na rufe, ta tsaya tana kallona bata miƙo kuɗin ba, tace "yaro ba ka sa mai kumfar ba fa". Nace Hajiya wannan baya buƙata. Tace a kemis ɗin layinsu ana sawa, ta ja hannun yaron suka nufi can.