Sunanta Capri, amma ƙafafunta na Volkswagen ne

Shagon taya gare ni a wajen birnin Kolon na ƙasar Jamus, ni da yara biyu. Faci na koya tun a gida kafin in fito, kuma har gobe da shi nake cin abinci, sai dai motocin da ke shigo mana yanzu sun sauya. Wadda ta fi sa ni dogon bayani da masu mota ita ce sabuwar Ford Capri.

Tsofaffin Jamusawa sun san Capri ta asali, wadda aka ƙera daga 1969 zuwa 1986: ƙofa biyu, dogon hanci, rim inci 13 mai rami huɗu. A 2024 Ford ta dawo da sunan, ta ɗora shi kan wata doguwar mota mai ƙofa biyar da ke aiki da lantarki, a nan Kolon ake harhaɗa ta. Masu son tsohuwar har yau suna mita. Ni ban da ta cewa a kan suna, abin da ke ƙarƙashin mota shi ne nawa.

Ƙarƙashin kuwa na Volkswagen ne, wanda ake kira MEB, irin na motarsu ID.4. Wani abokin ciniki ya zo da rim huɗu na tsohuwar Kuga ɗinsa, ya ce a sa masa tayar hunturu a ɗaura wa Capri, tunda duk Ford ne. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba za su shiga ba.” Rami biyar ne duka, amma faɗin da'irar ramukan ya bambanta: na Kuga milimita 108 ne (5x108), na Capri 112 (5x112). Sai da na ɗora ɗaya a gabansa, ya ga ramukan sun ƙi haɗuwa, sannan ya yarda. Ɗaurin ma ya bambanta. Ford ta saba da noti a kan kusar da ke jikin mota, wannan kuwa bolti ake murɗawa ciki, don haka mai ɗorawa sai ya tallabe taya inci 19 ko 20 ko 21 har boltin farko ya kama. Da yamma ciwon baya ne yake gaya wa yaran.

Sai nauyi. Motar ta kai wajen tan biyu saboda batir, kusan ninki biyu na tsohuwar. Ba kowace taya mai girman daidai ce ke ɗaukarta ba, shi ya sa nake duba lambar da ke bayan girman a jikin taya: 101 na nufin kilo 825 a kan taya ɗaya, 105 kuma kilo 925. Abin da takardar mota ta ce shi nake sawa, ko mai mota ya ga mai araha a intanet. Injin lantarki kuma yana sakin ƙarfinsa gaba ɗaya da zarar an taka, to mai zafin ƙafa tayar baya ce ke biyan kuɗin.

A masu babban batir, tayar baya ta fi ta gaba faɗi, milimita 255 da 235. Dabarar nan ta mayar da na gaba baya don su cinye tare ba ta aiki a nan. Safaya ma babu, sai kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfo. Idan an tura ruwan, wanke shi daga cikin rim aiki ne mai ban haushi. Wasu tayoyin kuma akwai soso manne a ciki don rage ƙara, sai an yanke shi daidai wurin hujin kafin faci ya kama.

Abin da ba na barin sabon yaro ya yi shi kaɗai shi ne kafa jak. Batir ne shimfiɗe a ƙasan motar, in aka kauce wa wurin da aka tanada, ɓarnar ta fi ribar shagon ta wata da watanni.

Kakarmu a nan Oktoba ce da lokacin Ista, sa'ad da kowa ke sauya taya. Tun Oktoban 2024 tayar hunturu ba ta cika doka sai da tambarin dutse da ƙanƙara a jikinta. Muna ajiye wa mutane tayoyinsu har kaka ta zagayo, kuma saboda irin su Capri na sa an sauko da katakon ajiya ƙasa, don ba wanda zai ɗaga rim inci 21 sama da kansa.