Aiki uku, haihuwa ɗaya

Ranar Lahadi 'yar yayata ta zo gaishe ni da cikinta wata huɗu. Tana danna waya tana ba ni labari, wai za ta ajiye aikin gidan kula da tsofaffi don ta samu wani da ya ɗara shi da fam ɗaya a awa. Na ce, "'Yar nan, kin ƙirga makonninki kuwa?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Haba Anti, ai aiki biyu nake yi, in wannan bai biya kuɗin hutun haihuwa ba wancan zai biya." Sai da gabana ya faɗi, don da wannan bakin na yi magana a 2019.

A lokacin aiki uku nake yi a nan Ingila. Da asuba sharar ofis, da yamma gidan tsofaffi, ranar Asabar kuma wanke-wanke a wani wuri da ake damƙa min kuɗina a hannu, ba takarda ba komai. Na gidan tsofaffin shi ne mai gwaɓi, shekarata biyu a ciki. Wata rana shugabarmu ta faɗa min magana a gaban mutane saboda na zauna na huta minti biyar, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na cire katin wuyana na dire mata a kan tebur. Har gobe ina ganin ba ni da laifi a faɗan. Mai ciki, ƙafa a kumbure, tsaye awa takwas, wa zai jure? Amma da na haɗiye ta wata biyu kacal, da labarin ya sha bamban.

Abin da ban sani ba, dokar kuɗin hutun haihuwa da wurin aiki ke biya tana da wani mako da komai ya rataya a kansa: mako na 15 kafin makon da ake sa ran haihuwa. Dole ya same ki kina ma'aikaciyar wurin, kuma kin yi mako 26 a jere tare da su. In kin lissafa, kusan sai kin fara aikin tun kafin cikin ya shiga. Ni na fita saura mako takwas.

Na kwantar da hankalina, na ce ai ga aikin shara. Can ma na daɗe. Ashe akwai sharaɗi na biyu, albashi. A shekarar sai matsakaicin abin da kike samu a mako ya kai fam 118, kuma makonni takwas na gab da wancan mako ake dubawa. Ni kuwa daidai lokacin na rage awoyina saboda ciwon baya. Na tattara takarduna na ce a haɗa min da na sauran wuraren. Matar ofishin ta girgiza kai. Kowane wurin aiki nasa yake dubawa, ba a tara albashin nan da na can. Ta miƙo min takardar SMP1, wadda ke bayanin dalilin hana ni. Kuɗin Asabar kuwa kamar ban taɓa samun su ba.

To wa ya gaya min? Babu. Amma ni ma ban tambaya ba, girman kai ya hana. Akwai alawus ɗin haihuwa na gwamnati da aka tanada don irina: aikin mako 26 cikin mako 66 kafin haihuwa, kuma shi ana haɗa albashin wurare. Na ƙi nema don tsoron kada ya taɓa min biza, alhali ba ya cikin tallafin da aka hana mu. Sai da yarona ya yi wata biyar na cike takardar, ga shi wata uku kawai ake komawa baya. Sauran ya bi ruwa.

Na so in jero muku shawara goma, ƙannena, amma na san ba za ku karanta ba, komai sai an sa muku a bidiyon minti ɗaya. Kada ki bar tsohon aikinki kafin wannan mako ya wuce. In ya wuce, ko kin tafi haƙƙinki yana nan: kuɗin mako 39, shida na farko kashi 90 cikin 100 na albashinki. Sai dai in aikin yana neman illata ki ko abin da ke cikinki, to ki fita yau, kuɗi ba rai ba ne. Na san na ce ki daure, na kuma ce ki fita. Duka biyun nake nufi.

Tara aiki barkatai ma ban ce alheri ba ne, shi ya kai ni ya baro. Amma wadda ta cika sharaɗi a wuri biyu, duka biyun za su biya ta, kowa nasa. Ki kai wa kowannensu takardar shaidar ciki ta MATB1 da ungozoma ke bayarwa bayan ciki ya kai mako 20, ki adana takardun albashinki. Bayan haihuwa kuma kada ki ruga sabon wurin aiki kina tsaka da karɓa, yanke kuɗin za a yi.

Na ɗauko kalanda na sa 'yar yayata ta ƙirga da yatsa. Saura mako tara. Ta ce za ta yi tunani, ta koma kan wayarta.