Yadda mai shagon furanni ke ja wa fure kwana

Da zarar an yanke fure daga jikin uwarsa, kwanakinsa sun zama ƙidayayyu. Babban aikin mai shagon furanni shi ne ya ja wa kwanakin nan tsawo, har furen ya isa hannun amarya, ko gefen gadon majinyaci, ko teburin otal da sauran kyansa. Haɗa launuka da ɗaure dami, wanda shi mai saye ke gani ya yaba, shi ne mai sauƙin.

Kayan ma daga nesa suke zuwa. Wardi mai yawa da ake sayarwa a Turai a Kenya ake nomansa, musamman a gefen tafkin Naivasha, da kuma Habasha. Jirgin sama ke kai shi, wani ya bi ta kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Na Amurka kuwa akasari daga Kolambiya da Ekwado yake fitowa, ya sauka a Miami. Duk tsawon tafiyar ana riƙe shi cikin sanyin da bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba.

Idan kwali ya iso shago, wuƙa mai kaifi ake fara ɗauka. A datse santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara, a karkace, a tsoma shi a ruwa nan take. Almakashi mai dakushi matse karan yake yi, ya toshe 'yan hanyoyin da ruwa ke bi. Duk ganyen da zai nutse a ruwa a tsige shi, don ruɓewa zai yi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa su cushe bakin karan. Shi ya sa za ka ga wardi yana tsaye cikin ruwa amma ya langaɓar da wuya: ƙishirwa ce ke kashe shi. Masu saye kan ɗora laifin a kan furen, alhali bokitin ne ba a wanke ba.

Ruwan ma ba a barinsa haka. Inda babu garin abincin fure da kamfanoni ke haɗawa, a lita 1 ana zuba babban cokali 2 na ruwan lemun tsami, babban cokali 1 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. Sukarin abinci ne, tsamin yana sa kara ya ja ruwa da sauri, bilic kuma ya kashe ƙwayoyin. Wanda ya zuba sukari shi kaɗai, ƙwayoyin ya ciyar. Duk bayan kwana 2 a canja ruwan, a sake datse gindin.

Akwai kuma iskar etilin, wadda ayaba da mangwaro ke fitarwa idan sun nuna, tana kuma cikin hayaƙin mota da na janareta. Ita ke sa fure ya zube tun lokacinsa bai yi ba, don haka ba a haɗa shi firji ɗaya da kayan marmari. Busasshiyar iskar hunturu da ta fanka su ma tsotse masa ruwa suke yi.

Firjin kansa ba na kowa ba ne. Furannin ƙasashe masu zafi, irin su anthurium da heliconia, baƙi suke yi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, sai a ware musu kusurwa mai inuwa a cikin shago.