Daga Kano zuwa Maraɗi a kan sawun wani tari

Matar Kawu ce ta kira ni daga Maraɗi. Ta ce tarin da ya yi watanni yana fama da shi an gano kansa: tarin fuka ne, kuma irin wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Ni ta fara nema saboda ta san a sashen masu tarin fuka nake aiki a wani asibiti a Kano. Kawu ɗan kasuwa ne, aya da wake yake sarowa a ƙauyukan Maraɗi ya kawo Dawanau, kuma idan ya zo Kano ɗaki ɗaya yake kwana da yaran shagonsa. Tun kafin ta ajiye waya yaran nan suka faɗo mini a rai.

Na hau mota a Ƙofar Ruwa da sassafe, hunturu na kaɗawa, kowa ya ɗaga gilashinsa ya rufe ruf. Muka wuce Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanci. Wani dattijo a bayana yana ta tari cikin rawaninsa. Na roƙi direba ya ɗan sauke gilashi, aka yi mini caa a kan ƙura da sanyi, amma ya sauke. Mutanenmu sun fi tsoron kofi da cokalin mai tari, alhali cutar ta iska take bi. Ɗaki rufaffe da mota rufaffiya su ne gonarta.

A Katsina na sauya mota zuwa Jibiya, daga nan Magama, sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar. An duba takardu, an duba kaya. Babu wanda ya tambayi lafiyar kowa, kuma ni ban so a tambaya ba, domin ranar da aka fara tsare masu tari a kan iyaka, ranar za su koma bin hanyoyin daji, mu rasa su gaba ɗaya. Direbanmu ya yi ta ba da labarin watannin da aka rufe iyakar nan bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Shi asarar lodi yake lissafawa. Ni kuwa tunanina yana kan mai shan magani a gefe ɗaya, gidansa a ɗaya gefen. Tsallake magani na cikin manyan hanyoyin da ƙwayar cutar ke koyon taurin kai, kuma idan ta koya, wanda ya ɗauka daga gare shi mai taurin kan zai ɗauka kai tsaye.

Na samu Kawu a zaure, an shimfiɗa masa tabarma inda iska ke ratsawa. Ya rame, fatarsa ta yi duhu fiye da yadda na san ta.

"Sannu Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana. Ka ga yadda maganin nan ya rine ni?"

Na ce masa kada ya damu, aikin kulofazimin ne, tsohon maganin kuturta da aka gano yana taimakawa a nan, kuma launin yana komawa a hankali bayan an gama. Ya miƙo mini katinsa. Da Faransanci aka rubuta shi, ni kuwa ba na ji. Amma da idona ya sauka kan layin magunguna sai na ga Bdq, Lzd, Cfz, gajerun sunayen magungunan bedakwilin, linezolid da kulofazimin, haruffan da nake rubutawa kullum a Kano. Na karanta maganin Kawu tsaf ba tare da tafinta ba. Wannan ƙaramin abu ya faranta mini rai ƙwarai, don na san ba da ka ya zo ba. Sai da ƙasashe suka yarda su bi ƙa'ida ɗaya ta Hukumar Lafiya ta Duniya.

Washegari na raka shi karɓar magani. Kafin na zo na san Nijar tana da suna a wannan fage, ko da yake da yawa daga abokan aikina a Najeriya ba su sani ba. A da, mai tarin da ya bijire wa rifamfisin da isoniyazid, manyan magunguna biyu da aka saba bayarwa, sai ya sha magani na wata 18 zuwa 24, da allurar kanamaisin ta tsawon watanni wadda ta kurmantar da mutane da dama, kuma duk da haka kusan rabi ne kawai ke warkewa. Wata ƙungiyar Beljiyam mai suna Damien, wadda ta faro da yaƙi da kuturta, ta gwada gajeren tsari na wata 9 a Bangaladash tare da Dakta Armand Van Deun, aka fitar da sakamakon a 2010: kusan kashi 88 cikin 100 sun warke. Mutane da yawa suka ce wannan Bangaladash ce, ba lallai ya yi aiki a Afirka ba. Nijar kuwa tun 2008 ta fara gwada irinsa na wata 12, kuma cikin majinyata 65 na farko, 58 suka warke. Ana ɗaukar samfurin kakinsu a aika har Antwerp a Beljiyam don tabbatarwa. Daga baya ƙasashen Afirka tara, ciki har da Nijar da Kamaru da Benin, suka gwada na wata 9 a kan mutum sama da 1,000, sannan a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Wato ƙasar da ake yawan ambata cikin mafi talauci ta taimaka wajen sauya yadda duniya ke jinyar wannan cuta.

Kawu bai sha allura ko ɗaya ba, ƙwayoyi ne zalla. Bedakwilin da ke cikinsu an amince da shi a Amurka a ƙarshen 2012, sabon maganin tarin fuka na farko cikin shekara 40. Yanzu ma akwai tsarin wata 6 da aka gwada a Uzbekistan da Belarus da Afirka ta Kudu, wanda Hukumar ta ba da shawarar amfani da shi a 2022. Na'urar GeneXpert da ta gano ciwonsa cikin kimanin awa biyu irin tamu ce ta Kano. Bai biya ko dala ba, domin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro yana ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin. Nan ne kuma fargabata take. Mun ga yadda ayyuka suka girgiza da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025. Maganin da ran mutum ya rataya a kansa bai kamata a bar shi kacokan a hannun baƙi ba, dole gwamnatocinmu su sa nasu kuɗin.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi Bahaushiya ce, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Ta ce sun gwada matarsa da 'ya'yansa na Maraɗi. Na tambaye ta, "Malama, yaran Dawanau fa?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce Kawu ya ambace su, amma ba ta da lambar kowa a Kano da za ta kira, ikonta kuma a kan iyaka ya tsaya. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ɗan Maraɗi ya zo mini, iyakar abin da zan yi ke nan.

Wannan ne ya tsaya mini a rai duk tafiyar. Kakin Kawu yana da hanyar zuwa Turai, maganinsa ya ratso ƙasashe ya iso hannunsa, amma labarin cewa akwai samari a Kano da suka kwana suna shaƙar numfashinsa ba shi da hanyar ƙetare Jibiya sai ta bakin dangi. Da ba ni da alaƙa da aikin, da shi ke nan. A 2005 da 2006, a garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, an gano mutum 53 ɗauke da nau'in da ya bijire wa kusan duk magunguna, 52 suka rasu, yawancinsu cikin makonni. Ba a farga ba sai da ta riga ta bazu. Hukumar Lafiya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 400,000 ne suka kamu da tarin da ba ya jin magani a 2023, kuma biyu cikin biyar ne kawai suka samu jinya. Najeriya tana cikin ƙasashe 30 da abin ya fi yi wa katutu. Ga kuma layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ƙara yawan masu kai da komo.

Muka yi musayar lamba ni da Malama, muka yi alkawarin duk majinyacin da zai ƙetara, ɗayanmu zai sanar da ɗaya, da izinin mai ciwon. Da daddare na zauna da Kawu a tsakar gida ya lissafa mini sunayen yaran. Ya yi ta jan ƙafa, yana tsoron kada a ji a kasuwa a guje shi. Na ce, "Kawu, ba wanda zai ji daga bakina. Amma idan ɗayansu ya ɗauka, gara mu same shi yana kan ƙafafunsa." Ya yi jim, sannan ya ƙara sunan wani mai dako da ya ce ya daɗe yana jin tarinsa.

Da na dawo Kano ban sauka a gida ba, Dawanau na wuce da robobin karɓar kaki a jakata. Yaran shagon duka suka bayar. Mai dakon an ce ya tafi garinsu wajen Zinder, sai na kira Malama na ba ta sunan ƙauyen.