Gindin Dutse Shi Ne Randar Ruwan Zariya

Duk wanda ya bi ta Wusasa ya ɗaga kai, Dutsen Kufena ne zai cika masa ido. Mafi yawanmu kallon tarihi kawai muke masa, wato mazaunin Zazzagawan farko bayan Turunku, inda har yanzu ake ganin ragowar ganuwa. Amma mutanen zamanin da ba don tsaro kaɗai suka zauna a gindinsa ba. Ruwa ma ya riƙe su, kuma aikin da dutsen yake musu bai daina ba, mu ne muke lalata wurin da aikin ke gudana.

Ga lissafin. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Zariya na samun kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba. Kufena, Tukur-Tukur da Madarkaci falalen dutse ne da ba ya shan ruwa sai ta tsage-tsagensa. Saboda haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30 a dare ɗaya cikin Agusta, kadada 1 ta falali za ta zubo lita 300,000, jarka 12,000 ke nan ta lita 25. Duk wannan ruwa a gindin dutsen yake sauka, cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Abin da zai faru da shi ya dogara ne ga abin da ya tarar. A gindin irin waɗannan duwatsu akwai ruɓaɓɓen dutse, tsakuwa da rairayi masu kauri, da tarin manyan duwatsun da suka gangaro tun zamanin da. Idan akwai ciyawa, ganyen da ya zube da saiwar itace a kai, gudun ruwan na karyewa, ya nitse a hankali, ya bi ƙarƙashin ƙasa ya ciyar da rijiyoyi da fadama har cikin bazara. Idan kuwa ƙasa ce tsirara da kofato ya daddaɓe, ruwan ba ya tsayawa. Yana haɗuwa a hanyar ƙafa ko sawun mota, ya fara da ɗan lambatu kamar faɗin tafin hannu, damina uku ko huɗu ya zama kwazazzabon da zai haɗiye mutum a tsaye. Jar ƙasar da ya kwasa tana ƙarewa a rafukan da ke zuba cikin Kubanni da Galma, ta cike madatsun ruwa da laka. Mai gona ya rasa ƙasa, mai rijiya ya rasa ruwa, duk daga wuri ɗaya.

Itatuwan da ke riƙe wannan wuri ba kowane iri ba ne. Ararrabi da kukkuki suna son duwatsu. Ɓaure da danginsa sukan tura saiwa cikin tsagar da ko yatsa ba ya shiga, su tara ƙura da ganye har ƙasa ta samu. A ƙasa-ƙasa akwai marke, kanya, taura, ɗorawa da tsamiya. A cikinsu kazar dutse, hasbiya, rema da ƙudan zuma ke rayuwa, kuma nan masu maganin gargajiya ke samun sassaƙe. Ɗan tsibirin ƙasar da ake gani a kan falali da ciyawa a kansa, kaurinsa bai wuce taƙi ba, amma shekaru masu yawan gaske ya ɗauka kafin ya taru. Wuta ɗaya da ruwan farko ɗaya sun isa su wanke shi.

Abubuwa uku ke cin gindin dutse a wajenmu: sarar itace har da tone kututture, ƙunar daji a tsakiyar rani, da fasa dutse. Na ukun ya fi zafi domin ba ya gyaruwa. Itace na tofowa, dutsen da aka niƙa aka zuba a kankare ya tafi ke nan. Ban ce kada a yi gini ba, kuma na san mata da samarin da ke fasa tsakuwa da guduma abincinsu suke nema. Amma nakiya kusa da gidaje tana tsaga bango, ƙurar dutse na taruwa a huhu ta jawo tarin da ba ya warkewa, ramukan da aka bari kuma suna cika da ruwa su zama tarkon yara da gidan sauro. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisin fasa dutse ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Mai unguwa da dattawa suna da haƙƙin su nemi ganin lasisin da wannan takarda, su kuma tambayi yadda za a cike ramin idan an gama.

Wanda ke da gona a gindin dutse kuwa, akwai aikin da zai iya yi da hannunsa, kuma mafi amfani shi ne jera duwatsu a gicciye.

Da farko sai a nemo layin da ƙasa ta yi daidai, ba gangare ba hawa. Ido yana ruɗi a nan, kada a dogara da shi. A samu tiyo mai garai-garai irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, kamar mita 10, a cika shi da ruwa ba kumfa, a ɗaure bakunansa biyu a jikin sanduna biyu masu alama a tsawo ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗaya ya riƙa matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a kan alama a sandunan biyu, sai a kafa turke. Haka za a bi har ƙarshen gona. A kan layin a haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10, faɗi 30 zuwa 40. Manyan duwatsu su zauna a ramin ta gefen gangare, ƙanana da tsakuwa a cusa ta gefen da ruwa ke zuwa. Tashin jerin daga ƙasa kada ya wuce santimita 25 zuwa 30. A ƙasa mai ɗan gangare kaɗan a bar mita 20 zuwa 30 tsakanin layi da layi, inda gangaren ya yi tsanani a matso da su zuwa mita 10 ko ƙasa da haka. Duwatsun da ke warwatse a gona za a tsinta, ba a fasa sabo don wannan.

Ba katanga ake ginawa ba, rariya ce. Ana so ruwa ya ratsa a hankali ya bar ƙasa da taki a baya. Kurakuran da aka fi yi su ne: a fara daga ƙasan gona, sai ruwa ya taho da ƙarfinsa duka ya watsa jerin, alhali daga sama ake farawa, ko layin ya karkata, ruwa ya taru a kusurwa ɗaya ya fasa ya buɗe sabon lambatu, ko a ɗora duwatsun a kan ƙasa ba rami, ruwa ya rarake ƙarƙashinsu. Idan damina ta zauna, a dasa jema ko gamba a bayan jerin ta sama, tazarar santimita 10 zuwa 15. Shekara biyu ciyawar za ta haɗe ta riƙe layin ko da duwatsun sun binne, ga kuma abin zana da shuci.

Kwazazzabon da ya riga ya buɗe, zuba masa shara ko buhunan ƙasa a baki ɓata ƙarfi ne. A fara rage ruwan da ke shigarsa daga sama, sannan a yi ƙananan shingayen dutse a cikinsa, kowanne bai wuce rabin mita ba. Tsakiyar shingen ta fi gefensa gajarta domin ruwa ya bi ta nan, gefen biyu kuma a shigar da su cikin gaɓa sosai, in ba haka ba ruwa zai zagaye ya ƙara wa kwazazzabon faɗi. A shimfiɗa duwatsu a inda ruwan zai faɗo don kada ya haƙa rami ya kifar da shingen.

Batun itace, kafin a sayi dashe a duba kututturan da ke tofo. Manoman Maraɗi sun farfaɗo da gonaki masu yawa ta haka tun shekarun 1980: a zaɓi tofo 3 zuwa 5 mafi ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, zai tsere wa dashe nesa. In dashen za a yi, ƙarshen Yuni zuwa Yuli ne lokacinsa, a rami mai kamar rabin mita, da taki ruɓaɓɓe da kariyar ƙaya saboda awaki. Dashen Satumba ba ya kama ƙasa kafin hunturu. Itacen turare kuma a nisanta shi daga idon ruwa da bakin rijiya, shan ruwansa ya yi yawa.

Duk wannan wuta ɗaya ta Janairu na iya shafe shi. Da zarar an gama girbi, cikin Nuwamba, a share ciyawa faɗin mita 4 ko 5 kewaye da wurin, a kwashe abin da aka share a kai wa dabbobi. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, gayya yake so, kuma sai an zauna da makiyaya da mafarauta tun kafin ciyawa ta bushe an tsayar da hanyar da shanu za su bi da watannin da za a bar gindin dutsen ya huta.