Hannuna ke mutuwa, ashe ciwon yana gindin wuya

Aikina fenti ne, kuma mai fentin silin hannunsa a sama yake wuni. Abin ya fara mini da nauyin kafaɗa, daga baya hannun dama ya riƙa yin sanyi yana mutuwa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kamar ana tsira musu allura. In na sauke hannun na girgiza, sai ya farfaɗo.

Likitan gashin ƙashi da na gani bai tsaya kan yatsun ba. Gefen wuyana ya danna, na ji zafin har gwiwar hannu. Ya ce, "Malam, ɗaga hannuwanka kamar an ce ka miƙa wuya, ka yi ta dunƙulewa kana buɗewa." Minti 3 ake so a yi a wannan gwajin. Ban kai ƙarshe ba hannun ya yi fari, ya yi nauyi.

Daga bayaninsa na gane yadda wurin yake. Jijiyar da ke kai jini hannu da tarin jijiyoyin ji da motsi suna fitowa ne ta tsakanin tsokoki biyu na gefen wuya. Daga nan sai su haɗu da jijiyar da ke mayar da jini zuciya, su ratsa tsakanin haƙarƙarin farko da ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, su bi ƙarƙashin wata ƙaramar tsokar ƙirji zuwa hammata. Hanya ce matsattsiya tun asali. Idan tsokokin wuyan suka sage, sai su jawo haƙarƙarin sama; ta ƙirjin kuma ta jawo kafaɗa gaba. Kamar a taka tiyon ruwa ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a cikin masu wannan matsala, kusan 9 cikin 10 jijiyoyin ji ne ke matsuwa, ko da mutum zai rantse jini ne ya tsaya. Matsuwar jijiyar jini ba ta da yawa, amma ita ce mai haɗari. Duk wanda hannunsa ya kumbura farat ɗaya ya yi shuɗi-shuɗi bayan aikin ƙarfi, to yana iya zama gudan jini ne, kuma gudan na iya tafiya huhu. Wannan ba na tausa ba ne, asibiti ake nufa a ranar. Haka ciwon hannun hagu da ya zo da matsewar ƙirji da gumi.

Nawa bai kai can ba. Na koma tsayawa a bakin ƙofa, in dafa gefe da gefe, in tura ƙirji gaba a hankali na daƙiƙa 30. Na koyi jan numfashi ta ciki, domin mai numfashi da saman ƙirji tsokokin wuyansa ba sa hutawa. Na ƙara wa rola doguwar sanda, na ɗaga abin takawa don gwiwar hannu ta daina wuce kafaɗa, na bar rataya jakar kayan aiki a kafaɗa ɗaya.

Sauƙin bai zo da wuri ba, sai da aka ɗauki watanni. Har yanzu in aiki ya yi yawa yatsun nan biyu suna yi mini magana, sai in sauko in miƙe ƙirji kafin in ci gaba. Yaran da ke koyon aiki a wajena kuwa ba na barin su su wuni a silin, musanya su nake yi da masu bango.